Ga 'Yata Mai Riƙe da Littafin Hutun Ma'aikata

 Babarki ta shaida mini cewa a asibitin da kike aiki an miƙa miki littafin hutun ma'aikata, kuma lissafin kwanaki da awoyi ya fara ɗaure miki kai. Shi ya sa ni baffanki na ga ya dace in rubuto miki abin da na sani, ki karanta a tsanake, ki ɗauki wanda zai amfane ki.

Aiki ne da ake yawan rainawa. Idon kowa yana kan mai biyan albashi, domin in an rage wa mutum naira dubu biyu, ranar biya zai gani, ya zo ya yi magana. Amma in kwana biyu aka zaftare masa daga hutunsa, sau da yawa har ya bar aikin ba zai taɓa sani ba. Mai shara ko maigadi da kika ce wa saura masa kwana huɗu, godiya zai yi ya tafi, don ya yarda ke ce mai littafi. To, haƙƙin da mai shi ba zai iya bin kadinsa ba ya fi nauyi a wuyan wanda aka ba riƙo.

Abu guda nake so ki riƙe, sauran duk rassansa ne. Mudun da kika auna wa mutum hutunsa da shi ranar da kika ba shi, da shi za ki auna ranar da kike cirewa. In da kwanakin aiki kika rubuta masa, da kwanakin aiki za ki rage. In da awoyi ne, da awoyi. Yawancin tauye mudun da ake yi a wannan littafi ba da mugun nufi ake yin sa ba, canjin ma'auni ne a tsakiyar hanya ba tare da an lura ba. Amma wanda aka tauye wa, tauyewa dai aka yi masa.

Ki fara da sanin abin da doka ta ce. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 18, ta ba ma'aikacin da ya yi wata 12 yana aiki a jere hutu da cikakken albashi na aƙalla kwanakin aiki 6, wanda bai kai shekara 16 ba kuma kwanakin aiki 12. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a bayar, kuma a ganina ya yi kaɗan ƙwarai. Kwana shidan nan shi ne adadin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar tun 1936. A 1970 ƙungiyar ta ɗaga shi zuwa makon aiki uku, mu kuwa dokarmu tana nan a kan shida. Shi ya sa masu ɗaukar aiki da yawa suke ba da fiye da haka a rubuce. A aikin gwamnatin tarayya ma, mai mataki na 7 zuwa sama yana da kwana 30, mai mataki na 4 zuwa 6 kwana 21, na ƙasa da su kwana 14. Ki kuma lura cewa dokar ba kowa ta kira ma'aikaci ba. Sashe na 91 ya ware masu riƙe da shugabanci da masu aikin ƙwarewa, su abin da ke takardar ɗaukar aikinsu shi ne madogararsu. Saboda haka kafin ki taɓa na'urar lissafi, ki ɗauko fayil ɗin kowa ki karanta takardarsa da idonki. Kada ki dogara da “haka muka saba yi”.

A cikin takardar, ki duba wane irin kwana ake nufi. Akwai kwanakin kalanda, waɗanda Asabar da Lahadi suna ciki, akwai kuma kwanakin aiki. Kwana 30 na kalanda wata guda ne, wato kwanakin aiki 21 ko 22 ga mai aikin Litinin zuwa Juma'a. Kwana 30 na aiki kuwa mako shida ne cur, kwana 42 a kalanda. Kin ga tazarar da ke tsakaninsu, alhali duka biyun “kwana talatin” ake ce musu. Maƙwabtanmu ma kowa da nasa ma'auni. A Nijar, dokar aiki ta 2012 ta ba da kwana biyu da rabi na kalanda a kan kowane watan aiki, 30 ke nan a shekara. A Gana, dokar 2003 ta ce kwanakin aiki 15. A Kamaru kwana ɗaya da rabi na aiki ne a wata, 18 a shekara. In ma'aikaci ya zo miki daga Maraɗi yana cewa can talatin ake ba su, gaskiya ya faɗa, sai dai ki zaunar da shi ki nuna masa cewa talatin ɗinsa da ashirin na aiki kusan abu ɗaya ne.

Bari mu ɗauka asibitinku kwanakin aiki 20 yake bayarwa ga mai zuwa kwana biyar a mako, awa 8 a rana. Ki saba da mayar da adadin zuwa makonni a zuciyarki: 20 a raba da 5, mako huɗu. A awoyi kuma 20 sau 8, awa 160. Mako huɗun nan shi ne ainihin alkawarin, kuma da shi za ki gwada kowane lissafi. In kin gama da mutum, ki tambayi kanki ko zai sami makonsa huɗu a gida.

Ga matar da ke zuwa shara kwana uku a mako. Rabonta kashi uku cikin biyar na 20 ne, kwana 12. In ta tafi hutun mako guda, kwana uku za ki cire, domin su ne ranakun da da ta zo aiki. Uku sau huɗu, 12, ta sami makonta huɗu kamar kowa. Amma in kika rubuta mata 12, sannan duk makon da ba ta nan kika cire biyar don haka kike cire wa ma'aikatan ofis, hutunta zai ƙare bai kai mako biyu da rabi ba. In kuwa 20 kika rubuta mata kina cire uku, za ta haura mako shida, asibiti ne ya kwana ciki. Shi ma mai asibitin yana da haƙƙi a kanki. Wanda ke zuwa kwana shida a mako kuma, mako huɗunsa kwana 24 ne. In takardarsa 20 ta ce, 20 za ki rubuta, amma ki sanar da shugabanni cewa wanda ya fi kowa yawan zuwa aiki mako uku da kwana biyu kawai yake hutawa. Wataƙila ba su taɓa lura ba.

Inda kwanaki ke kasawa shi ne wajen ma'aikatan jinya da masu gadi, kuma nan nake so ki fi natsuwa. Kwana yana aiki a matsayin ma'auni ne kawai in ranakun mutum duk tsawonsu ɗaya. Da zarar sun bambanta, ki koma awoyi. Ɗauki nas mai dutin awa 12, kwana huɗu tana aiki, kwana huɗu tana gida. A kowane kwana takwas tana yin awa 48. Don ki san makonta, ki raba 48 da 8, ki ninka da 7, za ki sami awa 42. Mako huɗu ke nan awa 168, wato duti 14. Yanzu ki gwada: duti 14 tare da ranakun gidanta da ke tsakaninsu kwana 28 ne, mako huɗu daidai wa daida.

Hanyoyin ɓata biyu ne a nan, kuma duka ana bin su. Wani zai ce kowa kwana 20 ne, ya ɗauki kowane duti a matsayin kwana ɗaya. Ya ba ta awa 240 ke nan, awa 72 sama da rabonta, kuma ran da akawun ofis ya gane, gunaguni zai tashi. Wani kuma zai ga ta nemi tafiyar kwana takwas zuwa bikin ƙanwarta, ya cire mata takwas daga cikin 14, alhali huɗu daga cikinsu dama nata ne, jadawalin duti ya riga ya ba ta su. Wannan na biyun ya fi zafi, domin ya sayar mata da abin da ke hannunta. Kafin ki cire wa mai duti komai, ki buɗe jadawali ki ƙirga dutin da ya faɗa cikin tafiyarsa, su kaɗai. A misalin nan duti huɗu ne, awa 48, saura mata 120.

Dutin dare da ya fara ƙarfe takwas na dare ya ƙare takwas na safe ya taɓa ranaku biyu a kalanda, amma duti ɗaya ne, awa 12. Kada kwanan wata biyu su sa ki cire biyu. Haka nan maganar hutun cin abinci da sallah. Sashe na 13 na dokarmu ya ce wanda ke aikin awa shida ko fiye a rana a ba shi lokacin hutawa da jimillarsa ba ta gaza awa guda ba. In mutum yana shiga takwas ya tashi biyar, kuma awar nan ba ta cikin awoyin da ake biyansa, ranarsa awa 8 ce wajen bayarwa, 8 kuma wajen cirewa. Kada ta zama 8 a shiga, 9 a fita.

Akwai kuma Juma'a. A ofisoshi da dama a nan Arewa ana tashi da wuri ranar. In Litinin zuwa Alhamis awa takwas-takwas ne, Juma'a kuma biyar, makon awa 37 ne, mako huɗu 148. A lissafin kwanaki, wanda ya riƙa ɗaukar Juma'a-Juma'a har 20 ya huta awa 100, wanda ya riƙa ɗaukar Litinin ya huta 160, kuma littafi zai nuna an yi musu daidai. Ga masu ɗaukar hutu a dunƙule wannan ba ya damun kowa. Amma in a wurinku ana yawan gutsurar kwana ɗaiɗai, awoyi sun fi adalci.

Masu zuwa sai an kira su, kamar mai ɗaukar hoton ciki da ke leƙowa yau awa uku, jibi awa bakwai, su ba su da mako tsayayye. Nasu hutun daga awoyin da suka yi ake tara shi. Shekara mako 52 ce, a cire huɗu na hutu, saura 48 na aiki. Huɗu a kan 48 ɗaya bisa 12 ne, wato duk awa 12 da mutum ya yi, ya tara awa guda ta hutu. Wanda ya yi awa 600 a shekara yana da awa 50. Za ki ci karo a intanet da adadin kashi 12.07 cikin ɗari, ana cewa da shi ake wannan lissafi. Na Birtaniya ne. Dokarsu ta ba da mako 5.6 a shekara, wato kwana 28 ga mai aikin kwana biyar, kuma in aka raba 5.6 da ragowar mako 46.4, shi ne ke ba da 12.07. Ki ɗauki hanyar, ki sa adadin wurin aikinku a ciki.

Sabon ma'aikaci da ya shigo tsakiyar shekara, in shekarar hutunku daga Janairu zuwa Disamba take, rabonsa gwargwadon abin da ya rage ne. Wanda ya fara 1 ga Afrilu yana da wata tara, 9 bisa 12 na 20, kwana 15. Wanda ya fara 16 ga Agusta kuwa, ki ƙirga kwanaki: daga ranar zuwa 31 ga Disamba kwana 138 ne. Ki raba da 365, ki ninka da 20, za ki sami 7.56. Ni dai shawarata ki cika masa takwas. Ɓarin kwana bai kai abin da za a ɓata wa sabon ma'aikaci rai a kansa ba. Ko yaushe zai fara ɗauka, wannan ƙa'idar wurin aikinku ce za ta faɗa, tun da doka sai bayan wata 12 ta wajabta.

Ki yi hattara da ɗigo, don a nan ne masu ilimi ma ke zamewa. Kwana 20 a raba wata 12 yana ba da 1.67 a wata. In kika ce bari ki sauƙaƙa ki riƙa rubuta ɗaya da rabi, a ƙarshen shekara 18 za ki tarar, kwana biyu sun salwanta ba wanda ya ci su. Ki bar adadi da wutsiyarsa har ƙarshe, ki daidaita sau ɗaya. Sannan awa minti 60 ce, ɗigon kwamfuta kuwa da ɗari yake aiki. Awa 7.5 awa bakwai ce da minti 30. Awa 13.33, wadda ita ce rabon wata guda daga 160, awa 13 ce da minti 20. Wanda ya karanta su minti 50 da minti 33 zai yi ta ganin littafinsa bai daidaita ba, ya rasa dalili.

Ranakun hutun gwamnati da suka faɗo cikin hutun mutum ba a cire su daga rabonsa, in dai ranaku ne da ba a zuwa aiki a ɓangarensa. Dokar Gana ta faɗi haka ƙarara, yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1970 ma haka, kuma tamu da ta ce kwanakin aiki ta nuna hanya. Na 1 ga Mayu da 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba da Kirsimeti suna da sauƙi, kin san su tun farkon shekara. Na Sallah ƙarama da babba da Maulidi kuwa sai an ga wata, sannan ma'aikatar harkokin cikin gida ta sanar, wani lokacin saura kwana kaɗan. Wanda ya cike takardar hutu tun kafin azumi ba zai san ranar da za a bayar ba. Ke ce za ki koma littafi bayan sanarwa ki mayar masa da kwanakinsa, ko da bai tambaya ba. Rashin lafiya ma gidansa daban. Sashe na 16 na dokarmu ya ba da har kwanakin aiki 12 a shekara da albashi in likita ya tabbatar, hutun haihuwa kuma yana sashe na 54. Ki ware wa kowanne shafinsa. Ranakun da mutum ya yi a kwance yana fama da zazzaɓi ba hutawa ya yi ba.

Akwai ranar da wani zai shigo ofishinki ya rufe ƙofa, ya ce, “Don Allah ki taimaka a sayi hutuna, kuɗin makarantar yara ya taso.” Zai ba ki tausayi, kuma da gaskiyarsa. Amma sashe na 18 ya hana a ba ma'aikaci kuɗi a madadin hutun da doka ta ba shi muddin yana kan aiki. Na daɗe ina ganin hikimar wannan hani. Da an bari, talaka ba zai taɓa hutawa ba, domin kullum akwai buƙatar da ta fi hutu gaggawa, kuma mai ɗaukar aiki zai fi son ya biya ya huta da neman wanda zai riƙe wurin. A asibiti abin ya wuce kan ma'aikacin shi kaɗai. Nas ɗin da ta shekara biyu ba ta huta ba ita ce za ta auna wa jariri magani ƙarfe uku na dare. Ki taimaka masa ta wata hanyar, ko rancen albashi, ko asusun ma'aikata in kuna da shi, amma hutun ya tafi. Abin da doka ta yarda da shi shi ne a ɗaga hutu bisa yardar ɓangarorin biyu, kada dai lokacin tarawar ya wuce wata 24. Wannan yana amfanar mai shirin aikin Hajji, ko mai son ya haɗa ya je gida lokacin kaka. In an yi haka, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Kuɗi yana shigowa ne ranar rabuwa. Doka ta ce wanda ya bar aiki bayan ya yi aƙalla wata shida, bai cika 12 ba, a biya shi gwargwadon watanninsa daga albashin mako guda. Mai ɗaukar naira 104,000 a wata yana samun 1,248,000 a shekara, mako guda 24,000 ke nan. In wata tara ya yi, 18,000 ne mafi ƙaranci. Sashe na 19 kuma ya ce ainihin albashi ake dubawa, ban da alawus da kuɗin ƙarin lokaci. In takardarsa ta yi alkawarin biyan ragowar hutu a kan kwana 20, lissafin ya fi haka: ya tara 15, ya ci 6, saura 9. Mai aikin kwana biyar yana da ranakun aiki 260 a shekara, don haka ranarsa 4,800 ce, tara kuma 43,200. Za a sami mai ce miki ki raba albashin wata da 30 kawai, ya fi sauri. In kin yi haka 31,200 za ki biya, kin rage masa 12,000, domin kin ƙirga kwanakinsa da ranakun aiki, kin yi musu farashi da ranakun kalanda. Mai barin aiki sau da yawa ba shi da bakin jayayya, so yake a sallame shi lafiya. Ki lissafa masa kamar yana da lauya a gefensa. Wasu ma suna da shi, kuma kotun ma'aikata takardu take nema ta gani.

Littafin kansa kada ya zama sirrinki. Kowane ma'aikaci ya sami shafi mai nuna ranar da ya fara aiki, da ma'aunin da ake masa, kwana ne ko awa, da rabonsa na shekara, da abin da ya ɗauka, da abin da ya rage. Duk lokacin da kika cire, ki nuna masa ya sa hannu, wanda bai iya karatun boko ba ki karanta masa a gaban wani da ya yarda da shi. In a kwamfuta kike ajiyewa, ki riƙa bugawa a takarda duk bayan wata uku ki ba kowa nasa. Wajen watan Satumba ki duba waɗanda ba su taɓa nasu ba, ki tuntuɓe su tun da wuri, don kada kowa ya taso miki a Disamba a rasa mai riƙe ɗakin haihuwa.

In kuma kin tarar da kuskure a tsohon lissafin da kika gada, kada ki gyara a ɓoye, kada kuma ki kama sunan wanda ya riga ki. Ki rubuta lissafin a takarda guda, yadda aka yi da yadda ya kamata, da yawan awoyin da ke tsakani, ki kai wa shugabanku cikin ladabi, ki nemi izini a rubuce kafin ki mayar wa kowa nasa.